Tsoron Kotu Ne Ke Cinye Mana Aljihu

'Yan'uwa mazauna Suleja. Yau da mu kanmu nake.

Ran Talata ina dawowa daga Zuba, na wuce Madalla ga Dutsen Zuma a gabana, sai wani jami'in hanya ya tsare ni wai na yi gudun wuce sa'a. Dokar hanya ta 2012 ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa kan babban titi irin wannan, 50 cikin gari, ni kuwa wallahi ban kai 90 ba. Abokin tafiyata har ya fara laluben aljihu, wai Malam a ba shi na goro mu wuce. Na ce a rubuta min takarda, mu haɗu a kotu.

Gaban majistare tambaya ɗaya na yi: ina abin da na'urar auna gudu ta nuna? Babu. Aka sallame ni, domin sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki mutum marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Ba ina kare masu tuƙin ganganci ba ne, mun binne 'yan'uwa da yawa ta dalilin wannan titi. Mai laifi ya biya tara, ya karɓi rasit. Amma mu da mun ji kalmar kotu sai gaba ya faɗi, mu miƙa cin hanci, mu ce mun bar wa Allah. Wane bari kuma bayan ka saya wa zalunci abinci da kuɗinka?

Allah Ya sa mu gyara, amin.