Wane jirgin ruwa ya dace da tafkin Kainji?

Tun bayan hatsarin Warra a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021, inda fasinjoji da dama suka halaka, ake muhawara kan ƙananan jiragen ruwa masu inji a tafkin Kainji.

A 2025 gwamnatin Najeriya ta buƙaci jihohi su maye gurbin na katako da na faiba ko alminiyam, waɗanda ba sa ruɓewa.

Sai dai akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin. Faiba kan tsage idan ya daki kututture, alminiyam kan lotsa ne kawai, na katako kuma kafinta kan gyara shi da araha a bakin gaɓa.

To amma komai ƙwarin jirgi, lodi fiye da ƙima da tafiyar dare na iya kifar da shi.