Darasin Abeokuta Ga Matan Zangon Agege

A 1949 matan kasuwar Abeokuta, bisa jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti, suka tilasta wa Sarki Alake Ademola sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci, saboda harajin da aka ɗora wa mata. Aka soke harajin, ita da waɗansu mata uku suka sami kujeru a majalisar ƙasar Egba. Har Abeokuta Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta je wurinta ƙaro ilmin siyasa. Duk da haka, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Matan Hausawa a Agege suna biyan kuɗin rumfa, to wa ke magana da yawunsu a majalisa? Lalle ya kamata dattawan Zango su tsai da mace takarar kansila. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.