Daga Ɗakin Awo: Cikin da Ya Biyo Bayan Ɓari



Makon jiya wata baiwar Allah ta taso tun daga Bungudu da sassafe, ta same ni a ɗakin awo a nan Gusau, idonta jawur. Cikinta wata biyu, kuma bara a daidai wannan lokaci ta yi ɓari. Kwana uku ke nan amai ya tsaya mata, har ta ci tuwo ya zauna. Ta ce, "Sista, haka wancan ma ya fara." Aka yi mata hoton ciki, sai ga zuciyar ɗa tana bugawa.

Idan ke ma kina cikin wannan zullumi, ban ga laifinki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ki saurare ni: laulayi ba ma'aunin lafiyar ciki ba ne. Yakan zo yau ya lafa gobe, wata ma har ta haihu ba ta san shi ba. Motsin ɗa kuwa sai wajen mako 16 zuwa 20 ake fara jin sa, don haka shirun wata biyu ko uku ba abin tsoro ba ne.

Ki kuma daina tuhumar kanki. Aƙalla ɗaya cikin kowane ciki 10 da aka san da shi yakan zube, yawanci kafin mako 12, kuma kusan rabin irin wannan ɓari daga ƙwayoyin halittar ɗan ne tun farkon haɗuwarsu. Ba daka ba ce, ba ɗiban ruwa ba, ba bakin kishiya ba. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya sukan haifi na gaba lafiya, da yardar Allah.

To, me za ki yi? Kada kunya ta sa ki ɓoye ciki sai ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara awo cikin makonni 12 na farko. Ki gaya wa ungozoma kin taɓa ɓari, da watannin da ya kai, a duba rukunin jininki. Hoto yakan nuna bugun zuciya daga mako 6 zuwa 7, in an ƙirga daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. In kin yi gaggawa ba a ga komai ba, kada hankalinki ya tashi; akan sake bayan mako ɗaya ko biyu. Ki riƙa shan folik asid kullum, ki kwana cikin gidan sauro, ki guji jiƙe-jiƙe da maganin kemis ba da izinin likita ba.

Ɗigon jini kaɗan yakan faru ciki ya ci gaba lafiya, amma a je a duba. Abin da ba ya jiran gobe: jini mai yawa ko da gudaji, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, jiri ko suma, da zazzaɓi. Wani lokaci ciki ne a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Haka in hoto ya tabbatar ɗa ya tsaya, kada a koma gida a ce "cikin ya kwanta". Ciki ba ya kwanciya. A bi abin da likita ya ce.

Matan Tsafe da Bungudu, kun san tafiyar dare ba ta da sauƙi yanzu. Ku zauna da maigida tun da rana: kuɗin mota, lambar direba, da wanda zai ba da jini. Ku fara da babban asibitin garinku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura a Gusau.

Allah ya raba lafiya. Sai mako mai zuwa.