A Sa wa Kejin Kaji Ma'auni

Bazara ta sake kamawa, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar Ƙonni ran Laraba, ko ya tsaya a mararrabar Tsarnawa ya dubi motocin da ke gangarowa daga wajen Badagishiri da Illela, ya ga abin da muke gani kowace shekara: kaji da zabi an cusa su cikin kwanduna da kejin waya, an ɗora wani bisa wani a kan rufin mota, ƙafafu a ɗaure, baki a buɗe, suna haki cikin ranar da zafinta ke wuce digiri 40, ta yadda kafin a kai inda za a sauke, waɗanda ke ƙasa sun riga sun zama mushe, sai a fizge su a yar a gefen hanya. Mun gaji da ganin wannan, mun kuma gaji da jin ana cewa ai tsuntsaye ne. Abin da muke nema ga hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela ba shi da wuyar fahimta: a sa wa keji ma'auni, a rubuta, a tsayar da mai dubawa.

Babu kasuwa a ƙasar nan da za a bar mutum ya auna gero da tiyar da ya ga dama, domin kowa ya san tauye mudu zalunci ne, kuma tun zamanin da ake naɗa muhtasibi ya zagaya rumfuna, tsare ma'auni yana cikin farkon ayyukan mai mulki. To, ta wace hujja aka auna wa hatsi haƙƙinsa, alhali mai rai, wanda ke jin ƙishi da zafi da ƙunci, an bar shi ga son zuciyar mai lodi? Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma fuƙaha'un Malikiyya, kamar yadda ɗalibin da ya kai Muhtasar na Halilu ya sani, sun wajabta wa mai dabba nafaƙarta, suka hana ɗora mata abin da ba ta iyawa, har suka ce wanda ya ƙi, a tilasta masa rabuwa da ita. Ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu a cikinta, a Maratta kusa da Galmi, ba ta buƙatar Bature ya koya mata wannan.

Amma akwai abin lura a wahalar da Turawa suka sha, domin sun riga mu faɗawa ramin. Suna da wata dabba da suke kira minki, mai kama da tunku, wadda a daji take bin gaɓar ruwa tana ninƙaya tana farauta a tazarar kilomitoci, su kuwa suna kiwonta don fatarta cikin kejin da tsawonsa bai wuce santimita 90 ba, faɗinsa 30, tsayinsa 45. A cikin wannan ƙunci sai dabbar ta riƙa kai da kawowa ba fasawa, wata ma ta tauna wutsiyarta. A shekarar 2001 masu bincike a Jami'ar Oxford suka sa ƙofofi masu nauyi tsakanin minki da abubuwa dabam-dabam, don su ga wanne za ta fi wahala a kansa, sai ga shi ruwan ninƙaya ta fi nema, ta fifita shi a kan ƙarin fili. A Danmak kuma aka ninka girman keji, aka tarar ninkawar kaɗai ba ta rage illar sosai ba sai da aka sa wa dabbar abin taunawa da abin hawa. Ma'anar wannan a fili take: faɗin wuri shi ne mafi ƙarancin haƙƙi, bayansa kuma akwai abin da ɗabi'ar kowace halitta ke nema, kamar yadda kaza ke neman ƙasar da za ta yi birgima da tono, zabo kuwa ke neman reshen da zai kwana. Ƙarshen al'amarin, Ingila ta haramta wannan kiwo da dokar shekarar 2000, Danmak kuwa a watan Nuwamba 2020, da cutar korona ta bazu cikin kejin da ke manne da juna, ta ba da umurnin kashe minki wajen miliyan 17.

Mu ma ba baƙi ba ne ga annobar cunkoso. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a watan Fabrairu 2006, kuma wanda ya san yadda ake haɗa kajin ƙauyuka goma cikin keji ɗaya, mai lafiya da maras lafiya, a ratsa da su zuwa Sakkwato, ya san ta inda za ta sake shigowa. Ga kuma sabon kiwon kajin ƙwai cikin kejin ƙarfe yana yaɗuwa a garuruwanmu, irin kejin da yake ba kaza santimita 550 murabba'i, watau kamar taƙi ɗaya a tsaye da taƙi ɗaya a kwance, wanda Tarayyar Turai ta hana tun 2012. Abin da suka yar shi muke shirin tsinta, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya na ƙa'ida ba.

'Yan kaji za su ce kuɗin mota ya yi tsada, riba kuwa ƙanƙanuwa ce, kuma gaskiya ne. Sai dai kazar da ta mutu a hanya ba ta biya kuɗin motar kowa ba, kuma asarar a ƙarshe tana komawa kan matar ƙauye da aka karya wa farashi tun a gida.

Tun zamanin jangali talaka ya saba da hukumar da ta iya ƙidayar dabba idan za a karɓi kuɗi, ta manta da ita idan an zo maganar rumfa da ruwa. Kuɗin kasuwa ana karɓarsa kowane mako, ba a taɓa fasawa ba. Daga cikinsa ne ya wajaba a kafa inuwa da kwamin ruwa a wurin 'yan kaji, a zauna da likitocin dabbobi da sarakunan kasuwa da shugabannin direbobi a yanke adadin kaji da zabin da kowane keji zai ɗauka, a hana lodi da tsakar rana daga Maris zuwa Mayu, kuma kada a ba kowa izinin kafa gidan kajin ƙwai sai an auna kejinsa. Muna son a yanke wannan ma'auni, a karanta shi a masallatan Juma'a da gidajen rediyo, kafin lodin Salla ya fara.