Allurar Naƙuda Muke Saye, Ta Kyauta Muna Zubarwa

Makon jiya na je barka a Gangare, 'yar ƙanwata ce ta sauka, kuma abin da na tarar ya tsaya mini a rai. Da naƙuda ta yi tsawo sai aka aiki yaro kemis ya sayo allurar naƙuda, wata maƙwabciya ta tsira mata a cinya. Allah Ya kiyaye, ta haihu lafiya. Sai kuma Gwaggo ta hana a sa wa jaririn nono, wai sai dakashi ya fita. Kwana biyu yaro yana kan ruwan dabino!

Jama'a, allurar nan sunanta oksitosin, kuma ba baƙon abu ba ne a jikin mace. Ƙwaƙwalwa ce ke sako shi cikin jini, shi ke matse mahaifa har ɗa ya fito. Sai a 1953 wani Ba'amurke, Vincent du Vigneaud, ya iya haɗa irinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowace mace shi da zarar ɗa ya fito, don tare zubar jini. Idan kuwa ɗa na ciki, a asibiti a ƙarin ruwa ake sa shi, ɗigo-ɗigo, ana sauraron bugun zuciyar jariri. A ɗura shi gaba ɗaya a ɗaki, mahaifa na iya fashewa, ko ɗa ya galabaita. Ga shi zafi na kashe ƙarfinsa, firji yake so, kuma sanyin Jos ba firji ba ne.

Ban ce ban san dalili ba. Tun rikicin 2001 kowa na shakkar ƙetare unguwa da tsakar dare, asibitin JUTH kuma yana can Lamingo. Amma ai akwai asibitoci kusa da mu, tun wajen awo ya kamata maigida ya san inda za a nufa da wanda zai kai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na Gwaggo. Duk sanda jariri ya kama nono, jikin uwa na sako wannan oksitosin ɗin, ya turo ruwan nono, ya ƙara tsuke mahaifa. Ciwon marar da mai jego ke ji in tana shayarwa, aikinsa ne. Dakashin kuwa shi ne rigakafin yaro na farko.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri a ba shi." Ta ce su haka aka yi musu. Sai da ta fita alwala na miƙa wa yarinyar ɗanta.