Me ya sa har yanzu ake juyayin rasuwar Shata?

Fiye da shekaru 25 ke nan da rasuwar Alhaji Mamman Shata Katsina, amma a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin jihar Katsina, da wuya dattawa su zauna hira ta yi nisa ba a ambace shi ba.

Shata ya rasu ne ranar Juma'a 18 ga watan Yunin 1999 a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, aka kuma yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Rasuwar tasa ta zo ne makonni uku kacal bayan da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a Nijeriya. Ga mutanen da suka yi ƙuruciya tsakanin 1960 da 1980, wannan ya sa mutuwar ta zama tamkar rufe wani babi na rayuwarsu.

Muryar rediyo da kaset

An haifi Shata a Musawa a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo. Ya fara ne da tallar goro da alewa, yana jawo masu saye da waƙa, kafin daga bisani ya zauna a Bakori, sannan ya yi gida a Funtuwa.

Funtuwa kuwa ita ce babbar cibiyar cinikin auduga da hatsi ga manoman Faskari da Sabuwa da kewaye. Don haka mutanen yankin ba a rediyo kaɗai suka san Shata ba. Maƙwabcinsu ne, wanda suke gani a gidajen biki da filayen wasa, makaɗan kalangunsa na biye da shi.

Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya kai muryarsa lungu-lungu. Daga baya kaset ya shigar da ita cikin motocin haya da shagunan tela da rumfunan masu shayi.

Abin da ya bambanta shi da mawaƙan fada shi ne bai tsaya ga sarakuna ba. Ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da malaman makaranta da mata waƙa. Ya yi waƙar haɗin kan ƙasa a lokacin yaƙin basasa, ya kuma yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969. Ga manomin da bai taɓa riƙe jarida ba, waƙar Shata ta kasance wata hanya ta jin labarin duniya.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Malamai da dama sun soki wasu waƙoƙinsa da salon rayuwarsa, kuma masu hannu da shuni na shakkar zambonsa. Amma shi ne kuma ya yi waƙar yabon Manzon Allah da har yau ake sauraro, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Abin da ya biyo baya

Ba Hausawa kaɗai suka taɓa yin irin wannan juyayi ba. A 1975 miliyoyin mutane ne suka fito titunan Alƙahira domin jana'izar Ummu Kulsum, haka kuma Legas ta cika maƙil a 1997 lokacin binne Fela Kuti. A duk waɗannan wurare, mutane na kukan zamanin da mawaƙin ya raka su a cikinsa ne, ba mutuwarsa kawai ba.

A game da Shata, zamanin ya juya cikin sauri. A daidai lokacin da ya rasu ne fina-finan Hausa na Kano suka fara cin kasuwa, inda fiyano da situdiyo suka maye gurbin kalangu da 'yan amshi. Daga 2000 kuma, bayan da jihohin Arewa da dama suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, an taƙaita kaɗe-kaɗe a wuraren taruwar jama'a a wasu garuruwa.

Sauran abokan zamaninsa ma sun kau. Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991, Ɗanmaraya Jos ya bi baya a 2015.

Yankin bai daina haifar mawaƙa ba. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya shahara da waƙoƙin siyasa, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ne da ke kusa da Funtuwa. Sai dai mawaƙin yau a ɗaki yake tsara waƙarsa, a tace ta da kwamfuta, a raba ta wayar salula. Shata kuwa a tsakiyar fili yake ƙirƙirar tasa nan take, yana kallon idon wanda yake yi wa.

Daren da ya yi shiru

A wannan yanki, rashin tsaro ya ƙara wa wannan rashi nauyi. A ranar 11 ga watan Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwanaki shida.

A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Wasan kalangu irin na Shata na buƙatar abubuwa uku: dare mai kwanciyar hankali, hanyar da baƙi za su biyo, da manomin da ya sayar da amfanin gonarsa har ya sami abin kyauta. Hare-haren sun taɓa dukkan ukun. Wanda ya san ana satar mutane domin kuɗin fansa ba zai fito fili ya yi wa mawaƙi ruwan kuɗi ba.

Saboda haka idan dattijo a Faskari ya kunna Bakandamiya a wayarsa, yana tuna lokacin da ake kaiwa asuba a dandali ba tare da fargaba ba.

Wa zai adana?

Wani abin lura shi ne, daga wannan yanki ne aka sami mutanen da suka fi ɗaukar nauyin adana tarihinsa. Ɗan jarida Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, shi ya jagoranci rubuta littafin Shata Ikon Allah da ya fito a 2006, tare da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Yusuf Tijjani Albasu da Ali Malami. Dakta Ƙanƙara ya ci gaba da bin diddigin waƙoƙin da mutanen da aka yi wa su.

Aikin na da wuya, domin yawancin waƙoƙin an yi su ne a gaban jama'a, ba a situdiyo ba. Wasu ba a taɓa naɗarsu ba, wasu kuma suna cikin tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke cinyewa. Waɗanda ke yawo a intanet sau da yawa ba su da shekara, ba su da bayanin wurin da aka yi su ko dalilin yinsu.

Waɗanda suka san wannan bayani su ne makaɗansa da 'yan amshinsa da mutanen da suka halarci wasanninsa, kuma galibinsu sun haura shekaru 70. Muddin jami'o'i da gidajen rediyo da gwamnatin jihar ba su hanzarta ɗaukar bayanansu ba, jikokinsu za su gaji muryar Shata ba tare da sanin waɗanda yake ambata ba.