Olu Fashanu: Bangon da Penn State ta jingina da shi a kakar 2023

 A wannan makon za mu bar ƙwallon ƙafar da muka saba da ita mu leƙa Amurka, mu waiwayi lokacin da ake shirin buɗe kakar ƙwallon Amurka ta jami'o'i ta 2023. Wanda za mu yi magana a kansa a lokacin yana da shekara 20, kuma ɗalibin jami'a ne. Sunansa Olumuyiwa Fashanu, ana kiransa Olu. Daga jin sunan kun san asalin iyalinsa Najeriya ne, ko da yake shi a jihar Merilan ya tashi. A 2023 yana buga wa Jami'ar Penn State da ke jihar Fensilbaniya, yana sanye da riga mai lamba 74.

Kafin mu yi nisa, bari mu fayyace yadda wasan yake. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6. Jagoran kai hari shi ne mai jefa ƙwallo, kuma duk burin masu tsaron baya shi ne su cim masa su kayar da shi kafin ya jefa. Abin da ke tsakaninsa da su ƙarti ne guda biyar da ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, waɗanda za mu kira 'yan bango: ɗaya a tsakiya, biyu a gefensa, sai biyu a ƙurya, hagu da dama.

Fashanu shi ne na ƙuryar hagu, kuma wannan wuri ya fi sauran nauyi. Mai jefa ƙwallo da hannun dama yakan juya bayansa ga ɓangaren hagu idan zai yi jifa, don haka ba ya ganin wanda ke tahowa ta nan. Ya dogara ne kacokan a kan mutumin da ke tsare masa baya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wannan wasa ƙadangaren ƙato ne mai gudu, kuma in ya shiga yana iya karya mutum.

Aikin ɗan bango ba shi da daɗin gani. A ƙa'ida ba a jefa masa ƙwallo, da wuya ya ci maki, kuma mai sharhi bai cika ambaton sunansa ba sai ya yi laifi. In ya motsa kafin a fara, a mayar da ƙungiyarsa baya yadi 5. In ya riƙe abokin karawa ba bisa ƙa'ida ba, yadi 10. Dole ya tare mutumin da ya fi shi gudu alhali shi yana ja da baya, da ƙafafu da tafukan hannu da sanin inda abokin karawa zai bi. Fashanu yana da tsawon kusan mita 2 da nauyin da ya haura kilo 140, amma masu nazarin wasan sun fi yaba saurin ƙafarsa da natsuwarsa.

Tarihinsa gajere ne. Ya yi sakandare a makarantar Gonzaga da ke birnin Washinton, inda ya tsare bayan Caleb Williams, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022. Ya shiga Penn State a 2020, ya shafe kusan shekara biyu yana jiran layi. Wasan farko da aka fara da shi shi ne na ranar 1 ga Janairun 2022 da Jami'ar Arkansas. A kakar 2022 ya fara wasanni takwas a jere, kuma ba a kayar da mai jefa ƙwallo ta wajensa ba ko sau ɗaya. Daga nan rauni ya hana shi buga wasanni biyar na ƙarshe, har da wasan Rose Bowl da Penn State ta doke Jami'ar Utah da ci 35 da 21.

Wasanni takwas ɗin nan sun isa su sa masana su sanya shi a cikin waɗanda za a ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru mai ƙungiyoyi 32. Dokar gasar ta ce ɗan wasa zai iya shiga zaɓen idan ya cika shekara uku da gama sakandare, kuma Fashanu ya cika. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana samun kwantiragin shekara huɗu na miliyoyin daloli. Amma a ƙarshen Nuwamban 2022 sai ya sanar cewa zai ƙara shekara ɗaya a jami'a. Daga cikin dalilansa akwai kammala digirinsa a fannin tsara jigilar kayayyaki daga masana'anta zuwa kasuwa.

Wannan shawara ce ta sa kakar 2023 ta kasance da nauyi a gare shi. A lokacin mun ga akwai abubuwa uku da za su nuna ko ta yi masa kyau.

Na farko lafiya. Wasan na karo ne, kuma ɗan bango yana karo da mutum a kusan kowane motsi. Kafin kakar 2023, Fashanu bai taɓa buga cikakkiyar kaka ta wasanni 12 a matsayin ɗan wasan farko ba. Gwiwa ɗaya in ta goce, darajarsa a idon ƙungiyoyin NFL za ta iya faɗuwa cikin dare ɗaya.

Na biyu sabon mai jefa ƙwallo. Sean Clifford, wanda ya riƙe wurin shekara huɗu, ya tafi. A 2023 an sa ran Drew Allar, wanda a lokacin ɗan aji biyu ne, shi zai gaje shi. Sabon shiga yakan daɗe da ƙwallo a hannu yana neman wanda zai jefa wa, kuma duk daƙiƙar da ya ƙara, ƙarin aiki ne ga na ƙuryar hagu. Haka kuma a lokacin akwai masu gudu da ƙwallo biyu, Nicholas Singleton da Kaytron Allen, waɗanda suka yi fice a shekararsu ta farko. Singleton ya haura yadi 1,000 a kakar 2022. Su ma sai an buɗe musu hanya, kuma a nan ne aka so ganin Fashanu ya ƙara ƙarfi, domin an fi saninsa da tare mai kawo hari fiye da ture mutum gaba.

Na uku manyan abokan hamayya. A kakar 2022 Penn State ta ci wasanni 11, ta sha kashi a biyu: Jami'ar Mishigan ta doke ta 41 da 17, Jami'ar Jihar Ohayo kuma 44 da 31. A wasan Ohayo ɗin, ɗan wasan baya J.T. Tuimoloau ya yi musu ɓarna, ya kayar da mai jefa ƙwallo sau biyu, ya cafke jifa biyu, ya kai ɗaya har gida. A 2023 yana nan bai tafi ba. Sun sake haɗuwa ranar 21 ga Oktoban 2023 a birnin Kolombus, sannan Mishigan ta kawo ziyara ranar 11 ga Nuwamba. A waɗannan ranaku biyu aka auna Fashanu, da shi da kocinsu na lokacin, James Franklin.

Hasashenmu a lokacin shi ne, in dai lafiya ta ɗore, Fashanu zai kasance cikin waɗanda za a ambata a takarar kyautar Outland da ake bai wa gwarzon 'yan layin gaba, kuma za a kira sunansa da wuri a zaɓen NFL na 2024. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ya tsare ƙuryarsa tsaf, in aka ɓalle ta dama ko ta tsakiya, sakamakon ɗaya ne.

Mun yi ta muhawara da abokan karatu a kan ko ya yi daidai da ya dawo. Masu cewa ya yi kuskure suna da hujja: digiri yana jira, amma jiki ba ya jira, kuma ba kowane gida ne zai iya haƙura da irin wannan kuɗi na shekara guda ba. Mu dai muna ganin shawarar tana da ma'ana. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'o'i ne ke samun shiga NFL, a zaɓen 2023 ma mutum 259 kawai aka ɗauka. Waɗanda suka shiga ɗin ma da yawansu ba sa daɗewa. Ga shi kuma tun daga Yulin 2021 an ba 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu, abin da ya rage wa irin su Fashanu matsin gaggawa. Wani abin lura gare ku masu mafarkin zama 'yan wasa shi ne, a tsarin jami'o'in Amurka dole ɗan wasa ya zama cikakken ɗalibi, kuma in makinsa ya faɗi ƙasa da yadda aka ƙayyade, ba zai shiga fili ba komai gwanintarsa.

Penn State ta buɗe kakar ne ranar 2 ga Satumban 2023 da Jami'ar West Virginia a filin Beaver, wanda ke ɗaukar 'yan kallo sama da 106,000. Wasan ya kama bayan tsakar dare a agogonmu, ku nemi taƙaitaccen bidiyon a YouTube. In kun samu, ku ɗauke ido daga kan ƙwallo na ɗan lokaci, ku bi lamba 74 ku ga yadda yake aje ƙafa da hannu. Sannan ku rubuto mana: da ku ne a matsayinsa, za ku karɓi kwantiragin ne ko za ku koma aji? Za mu buga amsoshin da suka fi hujja a fitowa ta gaba.